John Wesley: Mai Bisharar da Ya Ƙi Barin Sababbin Tuba Su Kaɗai

A tarihin ikilisiya an yi masu wa'azi da yawa waɗanda suka tara dubban jama'a, amma da suka mutu aikin ya watse. John Wesley, limamin Cocin Ingila da ya rayu daga 1703 zuwa 1791, yana cikin 'yan kaɗan da aikinsu ya ƙara ƙarfi bayan an binne su. An ƙiyasta ya yi tafiyar mil 250,000, yawanci a kan doki, ya kuma yi wa'azi kamar sau 40,000. Amma akwai waɗanda suka fi shi iya wa'azi a zamaninsa. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda ya riƙe mutane bayan sun tuba, har suka girma cikin Almasihu. Wannan ne ya sa rayuwarsa ta zama abin nazari ga kowace ikilisiya da ke so ta yi almajirai.

Gidan da ya tashi

An haifi John a garin Epworth na ƙasar Ingila a watan Yuni 1703. Mahaifinsa, Samuel, shi ne limamin cocin garin. Mahaifiyarsa, Susanna, ta haifi 'ya'ya 19, kusan rabinsu sun rasu tun suna jarirai. A 1709 gobara ta kama gidansu da dare. John, yana ɗan shekara biyar, ya maƙale a bene, sai maƙwabta suka hau kafaɗar juna suka zaro shi ta taga kafin rufin ya faɗi. Har tsufansa yana ɗaukar kansa kamar guntun itacen da aka fizgo daga wuta, irin hoton da ke cikin Zakariya 3:2.

Susanna ce malamarsa ta fari. Ita ta koya wa 'ya'yanta karatu da addu'a. Duk da yawan hidimar gida, ta ware wa kowane yaro lokacinsa a mako, su zauna su biyu ta tambaye shi yadda zuciyarsa take a gaban Allah. Lokacin John shi ne daren Alhamis. Wanda ya san tsarin da ya kafa daga baya zai ga tushensa a nan: mutum guda, lokaci tsayayye, da tambaya ta gaskiya.

Ƙwazo ba tare da salama ba

A 1720 ya shiga jami'ar Oxford. An naɗa shi dikin a 1725, ya zama cikakken limami a 1728. Da ya koma koyarwa a Oxford a 1729, ya tarar ƙanensa Charles ya fara taruwa da 'yan abokai don nazarin Littafi Mai Tsarki, sai John ya zama jagoransu. Suna azumi Laraba da Jumma'a, suna cin jibin Ubangiji kowane mako, suna ziyartar 'yan kurkuku da marasa lafiya, suna kuma binciken rayuwar juna. Ɗalibai suka riƙa yi musu ba'a saboda komai nasu da ƙa'ida yake, suka laƙaba musu sunan Metodis, wato masu bin tsari. Sunan zolaya ne, amma ya zauna. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shiga wannan zumunta shi ne George Whitefield, wanda ya zama babban mai wa'azi daga baya.

A 1735 John da Charles suka hau jirgin ruwa zuwa Georgia a Amurka don aikin bishara. A hanya guguwa ta taso har jirgin ya kusa nutsewa. John ya tsorata ƙwarai, amma ya ga waɗansu masu bi daga Jamus, 'yan ikilisiyar Morabiya, suna ci gaba da waƙar yabo har da matansu da 'ya'yansu. Da suka sauka, wani shugabansu mai suna Spangenberg ya tambaye shi ko ya san Yesu ya cece shi, shi kansa. John ya amsa da baki, amma a zuci ya san amsar ba ta da ƙarfi.

Aikin Georgia bai yi kyau ba. Tsananinsa ya ɓata wa jama'a rai. Yarinyar da yake so ta auri wani, daga baya ya hana ta jibin Ubangiji, maganar ta kai kotu. A ƙarshen 1737 ya bar ƙasar cikin kunya. Ga limami mai ilimi, mai azumi da addu'a, amma ba shi da tabbacin ceto.

A Landan ya haɗu da wani ɗan Morabiya, Peter Böhler, wanda ya nuna masa daga Nassi cewa ana samun ceto ta wurin bangaskiya kaɗai. Ran 24 ga Mayu 1738 da dare, ya je wani ƙaramin taro a titin Aldersgate ba da son ransa ba. Ana karanta gabatarwar da Martin Luther ya rubuta wa wasiƙar Romawa, sai zuciyarsa ta sami tabbaci cewa Almasihu ya ɗauke zunubansa, ya kuma dogara gare shi kaɗai. Bai watsar da horon da ya koya a gida da Oxford ba. Sai dai horon ya canja matsayi: dā yana yinsa don ya sami karɓuwa wurin Allah, yanzu kuwa yana yinsa don an riga an karɓe shi.

Wa'azi a fili

Majami'u da yawa suka rufe masa ƙofa saboda wannan koyarwa. A lokacin Whitefield ya fara wa'azi a fili ga masu haƙar gawayi na Kingswood kusa da Bristol, mutanen da coci ta manta da su. Ya kira John ya zo ya taimaka. John ya yi jinkiri, don a ganinsa wa'azi a wajen majami'a bai dace ba. Amma ran 2 ga Afrilu 1739 ya tsaya a wani fili a Bristol ya yi wa mutum kamar 3,000 wa'azi.

Mutane suka tuba da yawa: ma'aikatan ma'adinai, masaƙa, barori, mashaya, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba. Tambayar da ta taso ita ce, wa zai kula da su gobe? Limaman garuruwansu ba su so su. Wesley ya tara su cikin ƙungiyoyi, su riƙa haɗuwa don addu'a da koyarwa, amma su ci gaba da zuwa cocin garinsu don sujada da jibin Ubangiji. A Bristol aka gina musu ɗakin taro a 1739, a Landan kuma ya sayi wata tsohuwar maƙerar igwa ya mai da ita wurin taro. Ba da jimawa ba ƙungiyar Landan ta wuce mutum dubu. Ba yadda mutum ɗaya zai san halin da kowa yake ciki.

Bashin da ya haifi aji

Amsar ta zo ta hanyar da ba wanda ya zata. Ran 15 ga Fabrairu 1742 shugabannin ƙungiyar Bristol suka zauna kan bashin ɗakin taronsu. Wani da ake kira Kyaftin Foy ya kawo shawara kowane memba ya ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce waɗansu matalauta ne, ba za su iya ba. Sai ya ce a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya mafi talauci, zai zaga gidajensu kowane mako, abin da suka kasa biya shi zai cika. Waɗansu ma suka ɗauki irin wannan alkawari. Aka raba ƙungiyar kashi-kashi, kowane kashi kamar mutum goma sha biyu da shugabansu. Kowane kashi aka kira shi aji.

Masu karɓar kwabon suka fara dawowa da labari: wannan ya koma shan giya, wancan yana faɗa da matarsa, wata tana kwance ba lafiya ba wanda ya sani. Nan take Wesley ya gane wannan ne abin da yake nema. Ya sa aka raba ƙungiyar Landan ma haka, daga nan ya zama ƙa'ida a ko'ina. Da fari shugaba ne yake bin gida-gida, amma aka ga yana cin lokaci, kuma bara da ke zaune a gidan maigidansa ba ya samun sakewa ya yi magana. Sai aka ce 'yan aji su riƙa taruwa wuri ɗaya sau ɗaya a mako.

Taron aji ba wa'azi ba ne, ba kuma darasi ba. Ana buɗewa da waƙa da addu'a. Shugaba ya fara faɗin yadda makonsa ya kasance a gaban Allah, inda ya yi nasara da inda ya yi rauni. Sa'an nan ya tambayi kowa, ɗaya bayan ɗaya, lafiyar ransa. Mai bukatar ta'aziyya a ta'azantar da shi, mai bukatar shawara a ba shi, mai bukatar tsawatawa a tsawata masa cikin ƙauna. A karɓi gudummawa don matalauta da aikin ƙungiya, a rufe da addu'a. Bayan haka shugaban yana sanar da mai wa'azin yankin waɗanda ba su da lafiya da waɗanda suka ƙi jin gargaɗi. Shugabannin nan talakawa ne, maƙera da masaƙa da 'yan kasuwa, mata da yawa kuma suna cikinsu.

Ƙofa mai faɗi, hanya mai ƙa'ida

A 1743 Wesley ya rubuta ƙa'idodin ƙungiyoyin. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: mutum ya kasance yana marmarin tsira daga hukuncin Allah da kuɓuta daga zunubansa. Ba a bukaci ya riga ya sami tabbacin ceto ba, kuma mutane da yawa a cikin aji suka same shi, bayan watanni ko shekaru. Amma wanda yake so ya zauna dole marmarin nan ya bayyana ta hanya uku. Ta fari, ya guji mugunta, kamar buguwa, faɗa, sayen kayan fasa-ƙwauri, da cin bashin da ya san ba zai iya biya ba. Ta biyu, ya yi alheri ga jiki da ran mutane iyakar ƙarfinsa. Ta uku, ya riƙe hanyoyin da Allah ya tanada don ciyar da rai: sujada tare da jama'a, jin Maganar Allah, jibin Ubangiji, addu'ar iyali da ta kaɗaici, nazarin Nassi, da azumi.

Kowane wata uku Wesley ko mataimakinsa yana ganawa da membobi, ya ba wanda yake tafiya daidai kati mai ɗauke da sunansa. Da wannan kati ake shiga taron ƙungiya. Wanda ya daina zuwa aji ko ya nace cikin zunubi ba a sabunta masa. A Newcastle a 1743 Wesley ya cire mutum 64, ya kuma rubuta dalilai: 17 saboda buguwa, 4 saboda zagi da ɓata suna, 3 saboda ƙarya, 3 saboda faɗa, ɗaya saboda dukan matarsa, 29 saboda sakaci da rashin ɗaukar abin da muhimmanci, sauran kuma saboda laifuffuka dabam-dabam. Kimanin 800 suka rage. Bai ji tsoron raguwar lissafi ba. Duk da haka ba a rufe wa kowa ƙofa ba, don an shirya taro na musamman domin waɗanda suka faɗi suna so su dawo.

Ga waɗanda suka sami tabbacin ceto suna son ƙara zurfi, akwai ƙaramin rukuni na mutum biyar ko shida, maza dabam, mata dabam, masu aure dabam, marasa aure dabam. Tushensa Yakubu 5:16 ne, inda aka umarci masu bi su furta wa juna laifofinsu su yi wa juna addu'a. A nan kowa yana faɗin zunubin da ya san ya yi tun haɗuwar baya, jarabar da ta same shi, yadda ya kuɓuta, da abin da yake shakka ko zunubi ne. Manufar duka ita ce tsarkakewa, wadda Wesley ya fassara da ƙaunar Allah da maƙwabci ta mallaki zuciya da rayuwa gaba ɗaya.

Abin da gwaji ya nuna

Wesley ya taɓa gwada ɗaya hanyar. A tsakiyar shekarun 1740 masu wa'azinsa suka yi wa'azi a waɗansu yankuna ba tare da kafa ƙungiya ba. A taron shekara na 1748 suka duba sakamakon, suka ga kusan dukan irin ya faɗi a bakin hanya, sai suka daina. A 1763 ya ziyarci Pembrokeshire a ƙasar Wales, inda aka shafe shekara ashirin ana wa'azi mai ƙarfi ba tare da ƙungiya ko horo ba. Ya lura cewa tara cikin goma na waɗanda suka taɓa farkawa sun koma barci fiye da dā. A ganinsa, farkar da mutane a bar su ba mai reno daidai yake da haifar 'ya'ya a miƙa wa mai kisa.

Whitefield ya fi shi murya da jan jama'a, kuma sun saɓa a kan koyarwar zaɓe, ko da yake sun ci gaba da girmama juna har Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan a 1770. Whitefield bai ba da ƙarfinsa ga tsara waɗanda suka tuba ta wurinsa ba. Allah ya yi amfani da shi ƙwarai, amma bai bar jama'a mai ɗorewa irin ta Wesley ba.

Renon masu reno

Aji ba zai tsaya ba sai da masu kula da shugabanninsa. Da fari Wesley bai yarda wanda ba a naɗa ba ya yi wa'azi. Da ya ji wani saurayi, Thomas Maxfield, ya fara wa'azi a Landan, ya dawo da niyyar hana shi, amma mahaifiyarsa ta gargaɗe shi ya saurara tukuna, don ta ga alamar kiran Allah a kan yaron. Ya saurara, ya yarda. Daga nan ya ɗauki talakawa irin su John Nelson, mai sassaƙar dutse, ya aike su zagayen garuruwa. Tun daga 1744 yana tara su kowace shekara su tattauna abin da za su koyar da yadda za su koyar. Ya bukaci su yi karatu sa'o'i da dama kowace rana, ya kuma tace littattafan masu bi na dā ya buga su cikin kundi 50 domin su. Daga baya ya amince wa mata irin su Sarah Crosby da Mary Bosanquet su yi wa jama'a maganar Allah.

Almajirancin bai tsaya a ɗakin taro ba. Ƙungiyoyin suna da masu ziyartar marasa lafiya. A Landan ya buɗe wurin ba da magani kyauta da asusun ba da ƙaramin rance ga masu sana'a, ya kuma kafa makaranta a Kingswood a 1748. Ya koyar cewa mai bi ya nemi kuɗi ta hanyar gaskiya, ya guji almubazzaranci, ya bayar da duk abin da zai iya. Shi kansa ya sami kuɗi mai yawa daga littattafansa, ya rabar da kusan duka. A 1774 ya rubuta littafi yana la'antar cinikin bayi, kuma wasiƙarsa ta ƙarshe ga William Wilberforce ce, yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙi da bautar da mutane.

Rauninsa da ƙarshensa

Wesley mutum ne mai kasawa. A 1751 ya auri wata gwauruwa, Mary Vazeille, amma ya ƙi rage tafiye-tafiyensa ko kaɗan. Auren ya cika da zargi da ɓacin rai har ta bar shi, kuma ba su haihu ba. Wanda ya tsara kulawa da dubbai bai iya kula da gidansa ba. Yana kuma riƙe iko da ƙarfi, abin da ya sa waɗansu abokan aiki suka rabu da shi. Koyarwarsa kan kammala cikin ƙauna ma waɗansu sun wuce gona da iri da ita. Wani George Bell ya yi annabcin duniya za ta ƙare ran 28 ga Fabrairu 1763, Wesley ya ƙaryata shi a fili, kuma a wannan rikici Maxfield ya fita da mutane da dama.

Ya rasu a Landan ran 2 ga Maris 1791 yana da shekara 87, har lokacin yana limamin Cocin Ingila. Ya bar membobi fiye da 70,000 a Birtaniya da Ireland, da dubbai masu yawa a Amurka, kowannensu da sunansa a littafin wani shugaban aji. A 1842, shekara ɗari bayan shawarar Kyaftin Foy, wani mai bishara na Metodis, Thomas Birch Freeman, ya sauka a Badagry. A ƙarni na 19 kuwa, yayin da majami'un Metodis suka yi girma suka yi arziki, taron aji ya yi ta sanyi har aka daina ɗaukarsa dole. Tsarin da ya yi aiki ma yakan mutu idan aka daina ganin bukatarsa.

Abin da za mu ɗauka

Ubangiji a Matiyu 28:19-20 ya haɗa baftisma da koya wa mutane su kiyaye dukan umarninsa. Bulus kuma a Kolosiyawa 1:28 ya ce burinsa ya miƙa kowane mutum cikakke cikin Almasihu. Mu a ikilisiyoyinmu mun iya taron falkaswa da fita bishara, muna da ajin baftisma, Zumuntar Mata, ƙungiyar matasa da ta mawaƙa. Amma yana yiwuwa mutum ya fito gaba ya tuba, a yi masa baftisma, ya shekara goma yana ba da baiko, ba wanda ya taɓa zama da shi ya tambayi lafiyar ransa. Sai ranar da ya koma wurin boka ko aurensa ya mutu mu ce ba mu sani ba.

Fasto ɗaya ba zai iya sanin mutum ɗari biyar ba, amma amintaccen mai bi zai iya sanin goma sha ɗaya. Dattawa za su iya raba membobi bisa unguwa, su zaɓi maza da mata masu tsoron Allah da riƙe asiri, su horar da su, su kuma riƙa zama da su a kai a kai. Riƙe asiri wajibi ne, don ranar da maganar aji ta fita kasuwa, ranar ajin ya mutu. Kada mu shirya taron bishara sai mun shirya waɗanda za su karɓi masu tuba. A wuraren da rikici ya warwatsa jama'a ko fasto ba ya iya zuwa kullum, irin wannan ƙaramar zumunta ce takan riƙe bangaskiyar mutane.

Mu tuna kuma da Wesley na kafin 1738. Yana da tsari da horo, amma ba salama, har sai da ya dogara ga Almasihu kaɗai. Aji ba ya ceton kowa. Wuri ne da waɗanda alheri ya kama suke taimakon juna su ci gaba da tafiya. Bari kowannenmu ya tambayi kansa: wa ya san ainihin halin da raina yake ciki, ni kuma ran wa nake kula da shi? Ubangiji ya ba mu alherin zama almajirai masu yin almajirai. Amin.